Mutanen Velandur Arba'in da Uku

Saura kwana tara jirginta ya tashi zuwa Indiya, amma har yanzu Vasugi Padayachee ba ta san garin da za ta kai tokar gawar mahaifinta da aka ƙona ba. An riga an zuba rabi a teku nan Durban, a Afirka ta Kudu. Sauran rabin yana cikin 'yar tukunyar ƙasa a saman kabad ɗinta, domin tsohon ya roƙe ta, yana kwance a asibiti, ta kai shi inda aka haifi kakansa Sinnappan, wanda aka kawo yankan rake shekara ɗari da talatin da suka wuce.

Sunan garin ne ya zame mata ƙarfen ƙafa. Takardar ƙidayar farko ta gonar raken ta ce Wellandoor. Ta bayan shekara goma ta ce Balandur. Ta uku kuwa kyankyasai sun cinye tsakiyarta, sun bar kashinsu a wurin. Turawan da suka yi rubutun sun auna tsawon kowane lebura, sun ƙirga tabon jikinsa kamar masu sayen sa a kasuwa, amma garin da uwarsa take ba su ga ya kai a tambaya sau biyu ba. Abin yana ƙona wa Vasugi rai. Duk ranar da ta fito daga ma'ajiyar takardun tarihi sai ta wanke hannu da sabulu har sau uku.

Gwaggonta Rukmani ta sha gaya mata ta zuba tokar a kowane kogi ta huta, domin garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Amma gwaggon nan ce dai ba ta gajiya da fahariya da Sinnappan. Wai shi kaɗai ya sauko daga jirgi da takalmi a ƙafa. Wai harshe huɗu yake ji, kuma bai cika mako ba aka naɗa shi shugaban leburori. Don tsabar kwarjini, in ji ta, babu wanda ya taɓa zama cin abinci da shi a bariki.

Ranar Talata da hantsi Mista Sewpersad ya kira ta. Tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, yake taimaka wa masu neman asalinsu a ma'ajiyar. Ya gano jerin sunayen jirgin ruwan, kuma a gaban sunan Sinnappan an rubuta Velandur, ɓaro-ɓaro, har da gundumar da garin yake.

Murnarta ba ta kai ko'ina ba. Da ta isa ma'ajiyar ta bi layin da yatsa sai ta ga na sama da shi ma Velandur, na ƙasa ma haka, har mutum arba'in da uku. Akwai Musulmi a ciki, akwai Kirista, akwai masu sunan mutanen arewacin Indiya da ko kalma ɗaya ta harshen Tamil ba za su ji ba.

Mista Sewpersad ya bayyana mata yadda ake yi a lokacin. Akawun tashar jirgi ba ya ɓata yawunsa a kan talaka. Duk ayarin da dillalin mutane ya koro ya kawo, garin dillalin ake rubuta wa kowa a wuce wurin. Kan kowane kai ake biyan dillali, kuma mace ta fi tsada.

Ya tura mata wani fayil mai warin ruma, ƙorafe-ƙorafen da aka shigar kan wanda ya kawo ayarin nan. Wata mata ta fito sayen gishiri, ya ce mata mijinta ya faɗi a tashar jirgin ƙasa, ta bi shi da gudu, ta bar jariri a gida yana jiran nono. Wani makaho ya kai ƙara an ɗauke masa ɗiyar da take yi masa jagora. Wasu 'yan'uwa biyu an ce musu aikin tankaɗe sukari ne a tsallaken kogi, da yamma za su dawo. A ƙarshe an soke lasisin mutumin, ya ɓace daga gundumar.

Vasugi ta daina karantawa. Ta ture fayil ɗin da bakin biro, don ba ta son fatarta ta sake taɓa shi.

"Tir da wannan halitta, Kawu. Ko kare ba ya yi wa ɗan'uwansa haka. Ina fata tsutsa ta ci shi da ransa." Ta share ido da bakin zanenta na sari. "Ya raba su da iyayensu bai ishe shi ba, sai da ya shafa musu sunan garinsa. Yanzu ina zan kai tokar Appa, mahaifina? Garin ɓarawon kakansa?"

Tsohon ya cire tabarau ya goge, ya mayar, sannan ya zaro wata takarda guda da ya ajiye a gefe tun kafin ta iso.

"'Yata, kada ki soke tafiyarki. Mutum arba'in da biyu aka yi wa ƙarya a jerin nan. Naki kakan kam a Velandur aka haife shi."

Ta tambaye shi yadda aka yi ya tabbatar. Ya juyo mata takardar, ya kau da kai wajen taga.

Lasisin dillalin ne da aka soke, da sunan Sinnappan a kai.