Saniya Mai Launi Bakwai

Ranar da masu gyaran rufi suka tsinci gwangwanin fim a silin ɗin Lyle Pettigrew, bai iya cin abincin rana ba.

Shekaru aru-aru yana gaya wa mutanen Nimbin cewa akuya ta cinye fim ɗin, wanda shi da kansa ya ɗauka. Sau ɗaya tak aka haska shi, zamanin da 'yan hipi suka cika kwarin da tantuna da gashi har gadon baya. Duk wanda ya gani a ranar bai daina zancen launukansa ba. Albarkacinsa Lyle ke shan giya kyauta, ake kuma shirin sa wa rumfar jiran bas sunansa.

Yanzu gari ya ce sai an sake kallo, ranar Asabar da la'asar.

Ya je wurin Coral, tsohuwar matarsa, yana murza hula.

"Asirina zai tonu, Coral."

"Tsohon banza, goge hancinka," in ji ta. Ta leƙa taga, ta ga an sha ruwan sama kwana da kwanaki. "Ka ce sai waɗanda suka ga na farko za su shiga. Sauran ka bar min."

Da safiyar Asabar aka hango ta a makiyayar shanu da kwando, tana sunkuye kamar mai neman allura.

Tsofaffi suka hallara da sanduna da kekunan guragu. Aka ja labule. Coral ta bi su da buta, kowa kofin shayi guda, kamar dai wancan karon. Lyle bai taɓa son shayi ba. Ya ajiye nasa ƙarƙashin kujera. Sai da ta gyaɗa masa kai ya kunna majigi.

Saniya ta bayyana a allo tana tuƙa. Wani ya yi tari. Lyle ya fara auna tazarar da ke tsakaninsa da ƙofa.

Can sai Moonbeam, wadda ta yi ritaya daga aikin haƙori, ta ƙwalla ihu.

"Ga ta nan! Shunayya, wallahi!"

"Ke makauniya, ruwan lemo ce!" in ji Baz mai zuma. "Dubi ƙahonta na narkewa!"

"Kai ka ga ƙaho? Ni waƙa take min!"

Aka yi kuka, aka rungumi juna. Baz ya nemi gafarar wata kujera. Da fim ya ƙare, suka yi yunƙurin ɗaga Lyle sama, ƙugu ya hana, suka haƙura da tafi.

Coral ta zo tana zazzage ragowar laimar kwaɗin da ta tsinto a makiyaya, irin mai sa maye da gane-gane, daga butar.

"Ka samu rumfarka. Yaya ka ga fim ɗin naka?"

Lyle ya yi ajiyar zuciya.

"Yadda na ɗauke shi," ya ce. "Fari da baƙi."