Saverio Bai Waiwaya Ba

Sandar ta shiga tafin hannun Saverio na hagu, ya damƙe ta kamar za a ƙwace, ya saki ƙafa. Ko aradu ce za ta faɗo a bayansa, yau wuyan nan ba zai juya ba.

Shi ne na ƙarshe cikin mutum huɗu, a wasan ƙarshe na tseren miƙa sanda na gasar Turai, kuma daga wannan gudun ya yi sallama da fili. Aikin mai karɓa ba shi da yawa: ɗan'uwanka na taka alamar da ka manna a ƙasa ka tashi, kana jin ihunsa ka miƙa hannu baya, idonka na gaba. Shekarun baya, a rana irin ta yau, Saverio ya saci kallo sau ɗaya tak, sanda ta faɗi ta gangara. Tun daga ranar mutanen garinsu Trani suka laƙaba masa Mai Waiwaye. Mai kantin kofi ma ya daina miƙa masa kofi ta gaba, sai ya zagayo ta bayansa yana ihu, 'yan zaman kanti suna riƙe ciki. Abin yana yi masa ciwo ƙwarai, kuma bai son ya tsufa da sunan.

Koci Gaetano ya sha fama kafin ya raba shi da wannan hali. Har uwarsa ya taɓa ɗaukowa ya tsayar a bayansa wajen atisaye, tana kiransa wai taliya ta nuna, ta kusa hucewa. Da Saverio ya jure wannan, koci ya ce to yanzu ya warke.

Yau kuwa komai ya zo da sauƙi. Ya tashi da ƙarfin da bai san yana da shi ba, ihun ya zo da wuri, sandar ta shigo ta ƙasa sumul, alhali Nunzio, na uku a jerinsu, kullum ta sama yake dankara masa ita. Ashe tsohon abokin nasa bai daina koyon sabon salo ba. Wanda Saverio yake shakka shi ne dogon nan na layi na huɗu, da ke hagunsa, cikin riga shuɗiya kusan irin tasu. Ko numfashinsa bai ji ba. Ya tsallake layin ƙarshe shi kaɗai, ƙirji a gaba, baki har kunne.

Filin ya kaure. Wata irin sowa ce mai haɗe da dariya, Saverio ya ce a ransa haka murna take in ta yi yawa. Ya yi alkafura, abin da rabonsa da shi tun yana firamare. Ya fizgi tuta daga hannun wata tsohuwa ya yafa. Ya sumbaci sandar, ya ɗaga ta sama, ya sake sumbatarta. Wani alƙalin wasa mai sanƙo ya nufo shi yana son ya faɗa masa wata magana, shi ma ya kama kansa ya manna masa sumba a tsakiyar sanƙon, ya wuce ya bar shi baki buɗe.

Can sama ya hango matarsa Rosaria, hannu biyu a ka. Baiwar Allah, farin ciki ya hana ta ko tafi. Ya aika mata sumba da sandar.

Dogon layi na huɗu ya iso a hankali, ko gumi babu a jikinsa, ya miƙo hannu, tafi a buɗe, yana wani yare. Saverio ya kama hannun ya girgiza, ya rungume shi, ya ba shi haƙuri, ya ce wasa ne, wata rana nasu ne.

Babban allon fili yana ta maimaita tseren, kuma duk maimaitawa sai jama'a su sake ɓarkewa. Allon yana bayansa ne, shi kuwa yau ba ranar juyawa ba ce. Ya tari mai ɗaukar hoton talabijin, ya cusa fuska.

"Mutanen Trani, kuna gani? Kai Pasquale mai kofi, gobe ta gaba za ka ba ni, kana durƙuso! Mama, ɗora tukunya!"

Abu ɗaya ne ya ɗan dame shi. Bisa al'ada su huɗu ake zagaya fili, kafaɗa da kafaɗa, amma har yanzu babu wanda ya iso. Koci Gaetano yana zaune a bakin fili, ya rufe fuska da hula. Dattijo, zuciya ta yi laushi.

Sai ga Nunzio tafe, yana jan ƙafa a tsakiyar layi na biyar, layinsu, kamar mai dawowa daga jana'iza. Saverio ya ruga da tuta tana kaɗawa.

"Nunzio, ɗan'uwa rabin jiki! Wannan miƙawa taka, wallahi tunda muke ba ka taɓa yin irinta ba. Kuma ka shaida, ko ƙiftawa ban yi baya ba."

Nunzio ya daɗe yana kallonsa, yana haki. Muryarsa ta dishe.

"Na shaida," in ji shi. "Na yi ta kiran sunanka har maƙogwarona ya tsage."

Sannan ya ɗago hannunsa na dama ya miƙo masa sandarsu, wadda ba ta taɓa barin hannunsa ba, ya ce ya yi haƙuri ya mayar wa mutanen layi na huɗu tasu.