Kujerar da Ta Kama wa Auta

Tun kafin motar yawon buɗe ido ta tashi Umma ta ɗora jakarta a kujerar da ke kusa da ita. Duk wadda ta zo za ta zauna, sai ta ce mata da mai wurin, yana tafe.

Da asuba suka sauka a birnin, ita da matan ƙungiyarsu ta teloli, yawon wuni ɗaya, ƙarfe biyar su juya. Sauran matan, garin suka zo gani. Ita kuwa ɗanta Auta ta zo gani, wanda rabonta da shi shekara huɗu, tun da ya rataya jaka ya ce ya samu aiki a wani ofis mai hawa talatin. Sau uku ta gaya masa ranar zuwanta, shi kuma ya ce in sha Allahu zai nemi izini ya same ta.

An ce lokacin ne birnin ya fi kyau. Sanyi ya wuce, zafi bai kankama ba, itatuwan bakin titi sun yi fure har suna zuba a kan motoci. Mai yi musu jagora yana ta bayani a lasifika, ga gada mai shekara ɗari biyu, ga hasumiyar da ake bugawa a kalanda. Umma dai dogayen benaye take bi da ido tana ƙirga hawa, ta kai goma sha ta ruɗe, ta koma farko.

Wajen sha ɗaya saƙonsa ya shigo, wai manya sun shiga taro, amma kada ta yarda ta ƙi sauka a babban dandali, wurin da ruwa ke tsartuwa sama. Daga nan wayarsa ta yi shiru. Ta kira sau shida. Zuciya ta dinga kawo mata abubuwa, ko mota ce, ko ciwo, ko dai kunyar a gan shi da ita yake ji, ita da ko sunan titunan ba ta iya karantawa da kyau.

Shugabar ƙungiya, wadda bakinta ba ya ajiye magana, ta leƙo daga baya. "To uwar manaja, jakar ce za ta ga garin a madadinsa?"

Aka yi dariya. Umma ma ta yi, don ba yadda za ta yi.

Dandalin cike yake da mutane, kowa da nasa. Matan suka watse bibbiyu suna ɗaukar hoto. Umma ta nemi benci inda za ta riƙa ganin duk hanyoyin shigowa, ta zauna da jaka a cinya. Riguna biyu ne a ciki, masu dogon hannu, da kanta ta ɗinka su irin na zuwa ofis.

Can gefe akwai masu shigar dabbobi, zaki da biri da wani ƙaton farin zomo, ana ɗaukar hoto da su ana sallamarsu. Mai jagora ya riga ya gaya musu kada su wahalar da kansu da yi musu magana, don a ƙa'idar aikin ba sa amsawa, wanda kuwa ya cire kan dabbar da ya sanya a gaban jama'a ya bar aiki ke nan.

Aka fara yayyafi. Mutane suka ruga ƙarƙashin rumfuna, amma Umma ta ƙi tashi, tana tsoron ya zo bai gan ta ba. Sai ga zomon nan ya baro layinsa ya nufo ta da lema. Ta ƙanƙame jakarta, ta sunkuyar da kai. Ya tsaya a kanta ya riƙe mata lemar, shi ruwa na jiƙa masa kunnuwa, har yayyafin ya ɗauke. Sannan ya durƙusa a gabanta, yara suka yi ta tafi.

Shugaba ta taho da waya a hannu, ta ce tunda manaja ya ƙi zuwa ai ga miji ta samu, su gyara a ɗauke su. Umma ta miƙe. Zomon ya rungumo kafaɗarta da hannunsa mai laushi, ya daɗe bai saki ba, har Shugaba ta ce hoton fa ya fito tun ɗazu. Umma ta kwance bakin gyale za ta sallame shi, ya girgiza ƙaton kansa.

"To, Allah ya yi albarka," ta ce a hankali. "Allah ya dafa."

Biyar saura kwata aka kira su. Motar ta fara tafiya ke nan Shugaba ta lura babu jakar, ta ce a tsaya, uwar manaja ta yi mantuwa a benci. Umma ta ce a bari, wani zai amfana. Ba wadda ta ƙara tsokanarta. Kujerar ta zauna wayam har suka bar gari.

Sun haye gada saƙonsa ya shigo, yana ba ta haƙuri, wai taro ya ja, bai samu fita ba. Da ɗan yatsa ɗaya ta rubuta masa cewa ba komai, aiki ne gaba, ta ga gari kuma ya yi kyau. Ta ƙara da cewa ya riƙa shan ruwa sosai, zafi na tafe. Ta so ta ƙara wani abu, ta fasa.

Ta jingina kai da gilashi. Rigunan ne kawai ke damunta, don a hotonsa ta auna su, ɗazu kuwa da ya rungume ta, duk kaurin rigar zomon, ta ji yadda Autanta ya rame.