Yarinyar da Kullum Take Cewa Lafiya Lau

Anti, albishirinki! Ke aka zaɓa! Ke za ki riƙa kula da shirin nan na koya wa 'yan mata rubuta manhaja, irin wadda ake barin cikinta a buɗe, kowa ya sa hannu ya gyara. Wallahi da gudu na taho. Tsaya, kar ki tashi, malamarmu ta kwamfuta ta ba ni wani misali ta ce in kawo miki da zafinsa.

Wai wata mata ce aka ba irin aikin nan, ita ke haɗa kowace ɗaliba da gwanin da zai koya mata. To akwai wata yarinya, duk sanda matar ta tura mata saƙo, ya aiki? Lafiya lau. Ya malamin naki? Lafiya lau. Ashe shi malamin, mahaifiyarsa ce kwance a asibiti, ko ta kan waya ba ya bi. Yarinyar ta yi masa tambaya, shiru. Ita kuma, kin san mu, ba a kai ƙarar babba, ba a matsa masa. Sai ta zauna ita kaɗai da aikin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga lokacin rufe shirin na matsowa, wadda ba ta gama ba kuma sallamarta ake yi. Har ta fara cewa ai kanta ne ba ya ja.

Matar nan sai lafiya lau ɗin ta yi mata yawa. Wane mai koyo ne ba ya ƙorafi? Ta hau adaidaita har gidan su yarinyar, ta ce buɗe kwamfutar mu gani tare. Baki na cewa lafiya lau, ido na kawo ruwa. Ba ta tsare ta da tambaya ba, Anti, tabarma kawai ta jawo ta zauna kusa da ita, har yarinyar ta faɗa da kanta. Matar ta samo mata wata gwanar. Shi kuma malamin, da ta bincika ta ji halin da yake ciki, ta je ta duba mai jiki, ta ce masa ya ji da jinya, an riƙe masa ɗalibarsa. Yarinya ta gama a kan lokaci, gyaranta ya shiga manhajar, mutanen da ba su ma san ta ba suna amfani da shi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, labarin zuciya a tambayi fuska.