Awa Biyar Zuwa Kano

Ɗan ya ajiye tikitin jirgi a kan tabarmar ubansa, a ɗakinsu na unguwar Hindawiyya a Jidda.

"Halas, an gama, Baba. Ranar Laraba jirgin alhazai zai koma Kano da kai. Awa biyar ce kacal, daga nan sai mota zuwa ƙauye."

Tsohon bai taɓa takardar ba. Shi da ƙafa ya zo, shekara bakwai yana tafe yana ƙodago gari-gari. Shekara talatin ke nan yana Jidda, duk alhajin da ya gani sai ya tambaye shi ko damina ta yi kyau a gida. Yanzu ƙanensa ya aiko cewa ƙarfi ya ƙare, a zo a gana.

"A ina yake yada zango?"

"Zango kuma? Baba, jirgi ne fa, ba jaki ba."

"Ta Fashir zai bi?"

"Ta samanta dai. Kana cin abinci za a wuce."

A bayan garin Fashir na Sudan, gindin wata aduwa, tsohon ya binne uwar yaron nan da hannunsa, ya ce mata in zai koma zai tsaya.

"A garinmu ko barci mutum yake, ba a tsallake shi."

"Yalla, hanzarta Baba, Baffa yana jira."

Tsohon ya ture tikitin da bakin sandarsa.

"Ba zan tsallake uwarka ba. Ba ni hawan jirgin nan."