Wayata ta gane ni a ƙofar asibiti

Yaya Hansatu, zauna ki sha labari! Wayata ta buɗe!

Kin san tun da na haihu lambar sirrin ta ɓace min a kai. Ga shi yau ranar allurar yaron nan, kuma yanzu ƙofar asibiti ba ta barin uwa ta shiga sai da wayarta a buɗe. Inna, uwar mijina, ta raka ni. A bakin ƙofa na danna lamba ta ƙi, na sake ta ƙi. Sai wayar ta yi magana, kowa na ji: "In ke ce mai ni, faɗi sunan ɗanki."

Yaya, ɗan fari fa! A gaban Inna! Wata a layi ta ce, "Baiwar Allah, faɗi mana, kin tsayar da mu." Na dubi yaron, na dubi Inna, bakina ya ƙi. Na ce, "Wallahi ba zan iya ba, sai dai mu koma gida."

Kawai sai ta buɗe. Ta ce, "Ke ce. Mai wayar nan ba ta kiran sunansa a gaban mutane."

Inna ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Ku zo ku ga tarbiyya!" Aka yi masa allurarsa, ko kukan kirki bai yi ba.

Sai dai Yaya, ni a kunne nake raɗa masa sunan, in ina masa wanka. Wayar kuwa tana ɗaki, a ƙarƙashin filo.