Ba Inda Zan Tashi

"Ba inda zan tashi," in ji Inna, ta fizge ƙullin kayanta daga hannun babban ɗanta.

Ya nuna taga, inda injinan gini ke ta ruri. "Haba Inna, benaye sun kewaye ki ta ko'ina. Na gina miki gida a bayan gari, ga fili, ga shiru."

"Shiru? In na mutu na sha shiru. A wannan filin na haife ka, ɗan nan. Da kuka ce tsakiyar gari ta mutu kuka watse, ni na zauna. Yanzu da ta farfaɗo za ka kwashe ni?"

"Likita fa ya ce..."

Ta ture shi ta leƙa taga. Can ƙasa, motar kwasar kayan da ya zo da ita ta koma kamar akwatin ashana. Ai ranar da magina suka nemi tsohon gidanta don su gina bene a filin, sharaɗi ɗaya ta kafa musu: ita ce a hawan ƙarshe, saman kowa.

Ta gyara ɗaurin kallabi.

"Hawan jini likita ya ce in kiyaya, ba hawan bene ba. Sauka kai kaɗai."